Rumfunan kifi na Argungu: abin da ya cancanci kuɗin baƙo da abin da bai cancanta ba

Duk baƙon da ya sauka Argungu kifi yake fara tambaya, kuma kusan kullum giwan ruwa yake nema, don ita ya saba gani a hoton gasar kamun kifi. A nan ake fara tafka asara. Giwan ruwa kifi ce mai kyau, tsoka zalla, ƙaya kaɗan, amma babbar ba a cika samunta a rumfa ba. Idan an samu, yanka-yanka ake sayar da ita da tsada, kuma namanta ba shi da maiƙon da zai jure wuta. Minti biyu aka ƙara mata a kan garwashi sai ta bushe ta koma kamar auduga a baki. Wanda ya nace sai ita, ya ce a yi masa farfesu ko a soya, kada a gasa.

Masu rumfunan da ke kewayen babbar kasuwa da bakin tasha sun fi ƙwarewa a kan kifin yau da kullum: karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, kurungu, wani lokaci da balli. Kowanne da girkin da ya karɓe shi, kuma mai rumfar kirki zai faɗa maka gaskiya idan ka tambaye shi da ladabi. "Baba, wanne ya kwana, wanne aka kawo yau?" ta fi dogon ciniki amfani.

Karfasa ita ce sarauniyar gashi a garin. A nemi mai nauyin rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Wadda ta fi haka wuta ba ta kai wa ƙashin bayanta kafin fata ta ƙone. Masu iyawa suna kankare ɓawon, su cire kayan ciki, su tsaga ta sau uku a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, su cusa gishiri da yajin ƙuli mai citta da masoro a cikin tsagar, sannan su shafa man gyaɗa. Sai garwashi ya yi ja, toka ta fara rufe shi, ake ɗora ta a kan waya, kamar minti goma zuwa sha biyu kowane gefe, juyi ɗaya tak. Inda aikin ke lalacewa shi ne lokacin da layi ya yi tsawo: yaron rumfa ya hau fifita, harshen wuta ya tashi, waje ya yi baƙi, ciki kuma jini-jini. Ka buɗe wajen ƙashin baya kafin ka biya. Idan naman ya saki ƙashi da kansa, fari fat, ya gasu. Idan kuma ka ji ɗaci a gefen ciki, matsarmama aka fasa wajen gyara, kuma babu yajin da zai rufe wannan.

Tarwaɗa sai an yi hattara. Ba duk wadda ke cikin baho ce ta gulbi ba, akwai ta kiwo da yawa, kuma ba laifi ba ne sayar da ita muddin ba a caje ka kuɗin ta gulbi ba. Ta kiwo ta fi ƙiba, cikinta cike da kitse, namanta laushi. Ta gulbi siririya ce, namanta tsantsan, romonta ya fi ƙamshi. Kowacce ce dai, sai an wanke yauƙin jikinta da ruwan zafi ko toka ko lemon tsami, in ba haka ba ƙarni zai bi romon har ƙasan kwano. Farfesun da ya amsa sunansa ba a juya shi da ludayi, girgiza tukunyar ake yi, shi ya sa yankan ke fitowa ɗai-ɗai bai dagargaje ba. A wannan fanni matan da ke dafawa a bakin zaure sun fi masu rumfar bakin titi nesa ba kusa ba, kuma a wurinsu ne za ka samu tuwon shinkafa na shinkafar fadamar nan, da miyar da aka sa wa bandar kurungu. Ragon ruwa ma a farfesu ya fi tashi.

Suya ce mafi raunin abin da ake sayarwa. Kifin ba shi da laifi, man ne: ana maimaita shi har ya yi duhu yana kumfa, ya bar ɗaci a maƙogwaro. Leƙa kaskon. In ba ka hango gindinsa ta cikin man ba, wuce gaba.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Kifi ya fi yawa da araha bayan ruwan fadama ya fara ja, daga kaka zuwa cikin hunturu. A bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma kifin da aka fito da shi da asuba ba ya kai la'asar lafiya sai da ƙanƙara. Hanya mafi tabbas ita ce ka zaɓi ɗanye da kanka da hantsi: ido garau ba fari-fari ba, ƙarƙashin murfin gefen kai ja wur, tsoka ta dawo idan ka danna da yatsa. Sai ka miƙa wa mai gashi, ku yi tsadar aiki daban. Kashi-kashi ake sayarwa ko ɗai-ɗai, ba da sikeli ba, don haka a gama ciniki kafin wuƙa ta taɓa kifi.

Jiran gashin bai kamata ya zama zaman banza ba. Gidan tarihi na Kanta yana nan dab da kasuwa. Shi ne fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, kuma a ciki akwai makamai, tambura, layu da kayan kamun kifi irin homa da gora, ga kuma kaburburan sarakuna. Daga nan ɗan acaba zai kai ka Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi. Sai dai kada wani ya ce maka kifin da ke kwanonka daga can aka kamo shi: wannan yanki na gulbi a tsare yake ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, ba a su a cikinsa sai ranar gasa. Bikin ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Kallo ne da ba shi da na biyu, amma makon biki shi ne mafi munin lokacin cin kifi a garin: farashi ya tashi, wuta ta gaggawa, masu gashin da ba 'yan gari ba sun cika fili.

Mai son tsaraba ya sayi banda, amma ya karya ɗaya ya duba. Mai kyau tana ƙaras, cikinta a bushe, ƙamshin hayaƙi kawai take yi. Gari-gari a cikin kwali alamar ƙwari ce. Warin magani kuma alama ce ta cewa an fesa mata maganin ƙwari don ta daɗe, wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. A naɗe ta a takarda cikin kwali, ba a leda ba, don leda na sa ta gumi ta yi fumfuna tun ba a kai gida ba. Idan tafiyar ta wuce kwana biyu, a shanya ta a rana da zarar an sauka.