Guga ko famfo mai jan ruwa a hankali: wanne ya fi wajen ɗibar samfur?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce an haƙa masu ƙananan rijiyoyin sa ido, wato na lura da gurɓacewar ruwan ƙarƙashin ƙasa, kusa da wani juji da wani gidan mai a Katsina, yana tambaya da me zai ɗebo ruwan da za a kai gwaji: da guga, ko da famfo? Malam, amsar tana ga abin da kake nema a cikin ruwan.

Kafin komai, ruwan da ka tarar kwance a cikin bututu ba shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa ba. Ya daɗe a tsaye, ya sha iska, abin da zai tashi ya tashi, abin da zai kwanta ya kwanta. Duk hanyoyin biyu ƙoƙari ne na kauce masa.

Gugan da ake nufi siririn bututun roba ne mai ƙwallo a gindi, ana zura shi da igiya. Da shi sai ka kwashe ninki uku zuwa biyar na ruwan da ke tsaye kafin ka ɗiba. Bututu mai faɗin inci 2 yana ɗaukar kusan lita 2 a kowace mita, to in ruwan ya kai mita 10, ninki uku lita 60 za ka ja, jarka uku ke nan. In inci 4 ne, ya haura durom guda. Yana da araha, ba ya buƙatar wuta ko batir. Illarsa ita ce duk faɗawar da ya yi sai ya dama laka. Dalma da sauran ƙarafa suna manne wa laka, in aka zuba wa kwalbar samfurin asid don adana shi sai su narke, sakamako ya nuna gubar da ba ta yawo a ruwan. Sinadaran fetur kuwa, irin su benzin (benzene, wani sinadari mai guba a cikin fetur), girgiza ke kore su, sai rijiya mai matsala ta fito fes a takarda. Wannan na biyun ya fi tayar mini da hankali, domin iyalai ne za su ci gaba da shan ruwan unguwar da kwanciyar rai.

Famfo mai jan ruwa a hankali dabararsa daban. Ana sa bakinsa daidai inda aka huhhuda bututu, a ja tsakanin lita 0.1 zuwa 0.5 a minti, ana lura kada ruwan ya sauka fiye da santimita 10. Ba ƙidayar jarka ake ba, na'ura ake kallo: pH (ma'aunin tsamin ruwa), gishirin ruwa, iskar da ta narke a ciki, da dagulewarsa. In awo uku a jere suka tsaya wuri ɗaya, sai a ɗiba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da bayanin wannan hanya a 1996. Yawancin jiharmu kan dutse take, rijiyoyi da dama ba sa saurin kawo ruwa, musamman da bazara. Guga na iya ƙafar da irinsu kafin ka kai ninki uku, amma ja a hankali yana barinsu su numfasa. Sai dai tsada, ga batir, ga wanke kaya tsakanin rijiya da rijiya. Kuma famfon da ke tsotso daga sama ba ya ɗago ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 8, tsotson ma yana rage sinadaran fetur, don haka a nemi wanda ake zurawa ciki.

To, rijiyoyin gidan mai, famfo, ko da haya ne. Na juji, in naitiret (sinadarin da ke fitowa daga taki da ƙazanta) da gishiri kawai kake nema, guga ya wadatar, sabo ga kowace rijiya da sabuwar igiya, a zura shi sannu. In da dalma a lissafin, koma ga famfo. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga dalma miligiram 0.01 ce a lita, ta naitiret 50, ka ga laka kaɗan ta isa ta ɓata awon dalma.

Ko wanne ka ɗauka, fara da rijiyar da kake zaton ta fi tsabta. Kwalbar sinadaran fetur a cika ta maƙil, kada a bar kumfa ko ɗaya. A sa komai cikin ƙanƙara nan take, naitiret ya isa ɗakin gwaji cikin awa 48. Ruwan da ka kwashe kuma a tara shi a durom, kada a zubar a bakin rijiya inda yara da dabbobi ke bi.