Baiti kafin kiɗa, ko kiɗa kafin baiti?

Wani ɗan'uwa da waƙa ce sana'arsa ya ce waƙoƙinsa sun fara kama da juna. Yana tambaya ko ya riƙa rubuta baituka tukuna sannan a ɗora musu kiɗa, ko ya karɓi kiɗa a hannun furodusa ya rubuta a kai. Malam, kowace hanya tana da inda take ɓata waƙa, kuma gyaransu daban ne.

Mai farawa da baiti yana riƙe da jigonsa. Ya san abin da zai faɗa, baiti na biyu yana ɗorawa a kan na farko, ba ya cusa kalma don kawai ta cike gurbi. Inda yake faɗuwa shi ne tsawo. A ɗauki kiɗa mai bugu 100 a minti, ana ƙirga shi huɗu-huɗu. Waƙar minti uku da rabi za ta ci kusan zagaye 88 na bugu huɗu. Cire 8 na buɗewa, cire 32 na amshi sau huɗu, saura 48. Baiti uku ke nan masu zagaye 16, kuma idan kowane ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya ci zagaye biyu, ɗango 24 kacal gare ka. Wanda ya shigo sutudiyo da baiti 15 masu ɗango biyar-biyar ya zo da ɗango 75, sai a yanke kashi biyu cikin uku a gurguje, kuma galibi a nan ake zubar da masu kyau.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyewa. Mutane suna ƙirga gaɓoɓi su ce ɗango biyu sun yi daidai, alhali nauyin gaɓa ne ke cin lokaci. Gaɓa mai gajeren wasali, kamar "da", gurbi ɗaya take ci. Mai dogon wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, kamar "han", biyu take ci. Idan ka raba kowane bugu gida biyu, zagaye biyu suna da gurbi 16. Gwada "Dare ya yi, hanya ta yi nisa": gaɓa 10 ne, amma gurbi 17, ya zarce kuma babu wurin numfashi. Mayar da shi "Dare ya yi, hanya da nisa" sai ya dawo 15, ka sami gurbi ɗaya na jan iska. Wannan ƙirga da alƙalami ake yin ta a gida, ana tafa hannu, kafin a tsaya gaban makirufo.

Mai farawa da kiɗa bai cika fama da wannan ba. Kiɗan ya riga ya auna masa komai, amshi yana zuwa da wuri, karin waƙar yana shiga kunne, aiki yana sauri. Ga wanda aka ba kwana biyu ya kawo waƙa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kiɗa yana da mulki. Da zarar ka yi guna-guni a kai ka sami kari mai daɗi, sai ka shiga neman kalmomin da za su zauna a cikinsa ko ta halin ƙaƙa. Daga nan ciko yake shigowa, amsa-amo ya riƙa jan ma'ana, a ƙare ɗango da kalmar da ba ta da aiki sai don ta ƙare da "na" ko "ya". Daga nan ne kuma ake karya Hausa: kari ya ja gaɓar farko ta "gari" inda mutane ke zaune, ta koma garin da ake niƙawa, ko ya saukar da ƙarshen "kuka" na hawaye ya koma bishiya. Mai sauraro zai gane nufinka, amma kunnensa zai ji an yi tuntuɓe.

Maganinsa a kashe kiɗan. Ɗauki guna-gunin a waya, ka rubuta inda sauti ya yi tsawo da inda ya gajarta, inda ya hau da inda ya sauka, sannan ka nemi kalmomi masu wannan siffa. In ka gama, karanta baitin da baki kamar kana magana da mutum. Duk ɗangon da ba za ka iya faɗa wa wani a zance ba, ciko ne, a cire shi. Kuma tun kafin ka rubuta harafi ɗaya a kan kiɗan wani, ku daidaita a rubuce kan wa ke da hakkin me.

Game da kamannin da ka yi kuka da shi, mun fi zargin hanya ta biyu, wato farawa da kiɗa. Furodusa ɗaya, saurin bugu ɗaya, jerin sautuka ɗaya, dole muryarka ta riƙa bin tsohuwar hanyarta ba da saninka ba. Don haka a waƙoƙi uku ko huɗu masu zuwa ka fara da amshi, baki kawai babu kiɗa: ɗango huɗu, kalmomi da kari tare, ka rera har ya zauna. Sai ka rubuta baituka a kan awonsa, ka sa su ƙasa da amshi a murya domin a ji ɗagawa idan ya shigo. A sutudiyo ka fara rera sautin da ya fi tsayi a amshin, a zaɓi ma'aunin murya daga nan, saurin bugun kuma a ɗauko shi daga yadda ka rera, kada a miƙa maka wanda ke ajiye a kwamfuta.