Kafin ka biya kuɗin rauta, tambayi wane yare take ji

Masu haɗa ofis biyu uku da masu sayar da Wi-Fi a unguwa, ku saurara. In rauta (na'urar da ke nuna wa data hanyar da za ta bi) biyu gare ka, rubuta musu hanya da hannu ka huta. Amma da sun kai biyar shida dole su riƙa gaya wa juna hanya da kansu, in ba haka ba waya ɗaya ta tsinke sai ka tashi tsakar dare da laftop kana gyara.

A cikin yarukan da rautoci ke gaya wa juna hanya da su, RIP tsohon yayi ne gaskiya. Duk sakan 30 sai ya tura wa maƙwabta teburinsa, wato jerin hanyoyin da ya sani, gaba ɗaya, kuma hanyar da ta wuce tsalle 15, wato rauta 15, a wurinsa babu ita. Yawan rautocin da ke kan hanya kawai yake ƙirgawa, kamar direban da ya bi gajeriyar hanya bai damu da ramuka ba. A bar wa ɗalibai.

Ni dai OSPF nake ce wa mutane su nema. Kowace rauta tana riƙe da taswirar netwok ɗin, tana duba ƙarfin layi kafin ta zaɓa, duk sakan 10 tana gaisawa da maƙwabciya, in ta ji shiru har sakan 40 sai ta sauya hanya ba sai an kira ka ba, kuma Cisco da Juniper da MikroTik duk suna jin sa, don haka ba wanda zai ɗaure ka da kamfani ɗaya.

EIGRP yana da sauri ba ƙarya, sai dai ɗan gidan Cisco ne, MikroTik ba ta san shi ba sam. Tokumbon rautar Cisco 2911 kuma araha ce a ido, amma ga ƙarar fanka ga cin wuta, batirin inbata zai gaya maka.

BGP fa, yaren da manyan netwok ke gaya wa juna hanya da shi a intanet? Wannan sai in kana da layi daga kamfani biyu kuma ka karɓi lambar AS, wato lambar shaidar netwok ɗinka a intanet, daga AFRINIC, hukumar da ke raba ta a Afirka. Cikakken teburin intanet ya haura hanyoyi 900,000, 'yar rautar MikroTik hEX mai RAM 256MB kar ma ka wahalar da ita, irin su babbar rauta CCR2004 mai 4GB ake sa wa wannan aikin. In aljihu bai kai ba, ka ce kamfanonin su turo maka hanyar fita ɗaya kawai, ƙaramar ma za ta ɗauka.