Kulocin da Ya Fara Zamewa: Gano Musabbabi Kafin Zaɓen Wanda Ya Fi Shi Ƙarfi

Mai motar da aka ƙara wa inji ƙarfi yakan fara gane kulocinsa ya gaza ne a kan babbar hanya, lokacin da ya taka totur a giya ta huɗu ko ta biyar, ya ga allurar juyin inji ta yi sama amma gudun motar bai ƙaru ba. Wannan shi ne zamewar kuloci, wato faifan da ke tsakanin filawil (babban faifan ƙarfe mai juyi tare da inji) da farantin matsi (wanda ke danne faifan a jikin filawil) ya kasa riƙe ƙarfin da inji ke turowa, yana sulɓewa yana ƙonewa maimakon ya miƙa ƙarfin ga giyabos. Dalilin da ya sa abin ke fara bayyana a manyan giyoyi shi ne a nan ne nauyin motar ya fi tsananta wa inji, yayin da a giya ta ɗaya tayoyi ke saurin amsawa kafin faifan ya wahala.

Gwajin da ya fi aminci ba shi da wuya. A sami hanya miƙaƙƙiya da babu cunkoso, a sa giya ta huɗu, a bar injin yana juyi kusan 2,000 a minti, sannan a danne totur har ƙasa. Idan kulocin lafiyarsa ƙalau, juyin inji da gudun mota za su hau tare a hankali. Idan juyin ya yi tsalle shi kaɗai, ko aka ji wari mai kama da na birkin da ya ƙone, to babu sauran shakka. Wasu na ja birkin hannu su saki kuloci a giya ta uku don su ga ko injin zai mutu, amma ba na ba da shawarar a maimaita wannan, domin yana cinye ɗan abin da ya rage a jikin faifan.

Kuskuren da ya fi ci wa mutane kuɗi shi ne su ɗauka cewa duk kulocin da ya zame ƙarfi ne ya yi masa yawa. Sau da yawa ba haka ba ne. Sil, wato robar da ke tare mai, na bayan karanshaf (sandar da inji ke juyawa) ko na shaf ɗin da ke shiga giyabos kan yi yoyo, mai ya jiƙa faifan, kuma faifan da ya sha mai ba zai sake kamawa yadda ya kamata ba komai tsadarsa. A motocin da kulocinsu ke aiki da wayar ƙarfe, idan aka ɗaure ta ba a bar ɗan sarari a feda ba, boris ɗin sakin kuloci zai riƙa danna sifirin farantin matsi ko da ƙafa ba ta kai ba. A masu kulocin da ke aiki da matsin mai kuma, masta silinda, wato famfon da feda ke turawa, idan ba ta komawa ƙarshenta takan riƙe matsi a cikin bututu ta haifar da irin wannan matsalar. Wanda ya sayi kuloci mai tsada ya ɗora a kan sil mai yoyo, zai sake sauke giyabos bayan 'yan watanni, kuma aikin saukewar nan shi ne mafi nauyi a cikin lamarin gaba ɗaya.

Idan an tabbatar cewa ƙarin ƙarfin inji ne ya jawo zamewar, misali bayan an sauya manhajar kwamfutar inji ko an ƙara matsin turbo, sai a san cewa kuloci ba ruwansa da ƙarfin doki. Abin da yake ɗauka shi ne ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da Nm (Newton-mita), kuma injin turbo yana zuba wannan ƙarfi tun daga ƙananan juyi. Abubuwa huɗu ne ke yanke iyakar abin da kuloci zai riƙe: irin kamun da fuskar faifan ke yi, ƙarfin matsin faranti, faɗin faifan, da yawan fuskokin da ke gugar juna. Faɗin faifai ba ya canzuwa sosai saboda gidan kulocin ya ƙayyade shi, don haka duk wani kuloci da ake kira ingantacce yana wasa ne da sauran ukun, kuma kowanne da abin da yake karɓa a madadin abin da ya bayar.

Lakabin Stage 1, Stage 2 da Stage 3 da ake bugawa a kan kwali bai kamata ya ruɗi kowa ba, domin babu wata hukuma da ta tsara ma'anarsa, kuma mataki na 2 na wani kamfani yana iya yin daidai da na 3 na wani. Adadin Nm da aka rubuta shi ne abin dubawa, tare da tambayar ko an auna shi a karanshaf ne ko a taya, tunda na taya yakan yi ƙasa. Kamfanonin Amurka sukan rubuta shi da wani ma'auni, lb-ft, kuma 1 lb-ft daidai yake da kusan 1.36 Nm, wato 400 lb-ft ya kai kusan 542 Nm. A ganina, rarar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kan ƙarfin injin ta wadatar.

Faifai mai fuskar zare da ƙaro, irin wanda mota ke fitowa da shi daga masana'anta, shi ne ya fi laushin kamu, kuma idan aka haɗa shi da farantin matsi mai ƙarin ƙarfi yakan ɗauki matsakaicin ƙarin da yawancin masu motocin titi ke yi. Sachs da Exedy da ACT duk suna yin irin wannan haɗin. Rauninsa shi ne zafi, domin tashi da ƙarfi sau da yawa a jere kan ƙone shi. Duk da haka, ga motar da ake fita da ita kullum, wannan ne zaɓin da zan fara dubawa, kuma na yi imani cewa mutane da yawa da suka tsallake shi sun yi nadama a cikin cunkoson farko da suka shiga. Faifan Kevlar, wani zare mai ƙarfi, yana daɗewa kuma ba ya cin filawil, sai dai yana buƙatar doguwar lallaɓawa kafin ya zauna, kuma idan ya yi zafi har fuskarsa ta yi ƙyalli da wuya ya dawo daidai.

Faifan seramik da aka gauraya da tagulla, wanda galibi ake yi da fukafukai huɗu ko shida maimakon cikakkiyar da'ira, wata duniya ce daban. Yana jure zafi ƙwarai, yana riƙe ƙarfi mai yawa ba tare da an tsananta matsin faranti ba, amma kamunsa na gaggawa ne, kusan babu tsaka-tsaki tsakanin saki da kamawa. Motar takan yi karkarwa wajen tashi, komawa da baya a kan tudu yakan zama aiki, kuma yana goge filawil da farantin matsi da sauri. Na filin tsere ne, kuma a can yake nuna darajarsa. Idan dole ne a sa shi a motar titi, mai fukafukai shida da sifirin a cibiyarsa ya fi mai huɗu sauƙin zama da shi.

Kuloci mai faifai biyu yana warware matsalar ta wata hanya, domin yana mayar da fuskokin guga daga biyu zuwa huɗu, don haka yana iya riƙe kusan ninkin ƙarfi ba tare da feda ta yi tauri ba. McLeod da OS Giken da Tilton sun yi suna a wannan fanni. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma wasu nau'o'insa suna ƙara idan an taka feda saboda farantin tsakiya yana kaɗawa, amma ga injin da ƙarfinsa ya wuce abin da faifai ɗaya mai laushi zai ɗauka, ya fi dacewa da titi fiye da seramik mai tsananin matsi. Wannan batu na matsi yana da muhimmanci fiye da gajiyar ƙafa kawai, domin duk lokacin da aka taka feda mai tauri, ƙarfin yana tura karanshaf gaba a kan metal ɗin da ke tare shi, yana kuma wahalar da cokalin kuloci da silindar ƙasa da ke tura cokalin.

Sai batun filawil, wanda ba a raba shi da zaɓen faifai. Tun da kamfanin LuK na Jamus ya fara ƙera filawil mai ɓangare biyu a 1985, motoci da yawa suka koma gare shi, saboda sifirin da ke cikinsa yana shanye girgizar inji kafin ta isa giyabos. Faifan da ake haɗawa da shi yawanci ba shi da sifirin a cibiya. Wanda ya sauya zuwa filawil guda mara nauyi zai ji injin yana saurin hawa da sauka, amma zai ji giyabos yana kwaramniya idan mota tana tsaye, kuma wajibi ne ya haɗa shi da faifai mai sifirin, in ba haka ba girgizar za ta sauka kai tsaye a kan haƙoran giya. Filawil guda ana iya goge fuskarsa idan bai tsage ba, amma mai ɓangare biyu da ya yi sako-sako ko ya yi tabon zafi sauyawa ake yi. Mai niyyar shiga gasar tsere a Amurka ya duba ko kayan suna da shaidar SFI 1.1 ko 1.2, wato shaidar cika ƙa'idojin tsaro na kayan tsere, domin wasu rukunonin gasa ba sa karɓar mota sai da ita.

Tunda giyabos ya riga ya sauka, a sauya boris ɗin saki da na tsakiyar filawil da sil ɗin bayan karanshaf a lokaci guda, a kuma yi amfani da sababbin kusoshin filawil idan masana'anta ta ce ba a maimaita su. Bayan an ɗaura, yawancin masu ƙera kuloci suna neman a yi kusan kilomita 800 ana tuƙin cikin gari mai yawan tsayawa da sauya giya, ba tare da danne totur ko tashi da ƙarfi ba, domin tafiyar babbar hanya a giya ɗaya ba ta zaunar da fuskar faifan a kan filawil.