Tenkara ko sanda mai ril, amsa ga ɗan uwanmu na Nagano

Salam ɗan uwa, naga tambayarka, kace kana karatu a Nagano ta ƙasar Japan kana so ka fara kamun kifin tirawut a ƙoramun tsaunukan can amma ka rasa wacce zaka saya, tenkara ko sandar Turawa mai ril ɗin naɗe zare. Ni dai na riƙe duka biyun, kuma indai ƙaramar ƙorama ce mai ratsa duwatsu to tenkara zan ce maka.

Ita tenkara kusan fatsar da muka sani ce tun muna yara, sanda da zare da ƙugiya shikenan, sai dai babu tana, gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiyar ta yi kama da ƙwaro, Japanawa suna ce mata kebari. Sana'ar masuntan tsaunukansu ce tun da, da gora da gashin wutsiyar doki suke kamo iwana da yamame, nau'o'in tirawut na can, su sayar, sai a 2009 da Daniel Galhardo ya buɗe kamfanin Tenkara USA a Amurka ta bazu a waje. Sandar yanzu ta kabon ce, wajen mita 3.6, ka zuge ta kamar eriyar rediyo ta shige jaka. Ta Turawa yawanci ƙafa 9 ce wato mita 2.7, ga ril ga zare mai kauri wanda nauyinsa ne ke kai jifan, kuma zaka ɗau makonni kafin hannunka ya faɗa, tenkara kuwa yini ɗaya ka fara saka ƙugiya inda kake so.

Amma ainihin bambancin a kan ruwan yake, nan nake so ka tsaya. Ruwan ƙorama ba gudu ɗaya yake ba, tsakiya na sauri, bayan dutse kuma ya lafa yana ɗan juyawa, kifin a nan yake laɓewa. Zaren Turawa kwanciya yake a saman ruwa, mai saurin ya figo shi, ƙwaron bogin da ke ƙugiyar ya taho da gudun da ba ƙwaron gaske da ke yinsa, kifi ya gani ya ƙi, dole kai ta gyara zaren. Da tenkara kuwa ka ɗaga sanda sama, zaren siriri ne baya taɓa ruwa, kebari kaɗai ya sauka a ɗan gurbin da bai fi faɗin faifai ba, ya zauna daƙiƙa uku huɗu, kawai sai kaga inuwa ta taso daga ƙarƙashin dutse da farin gefen fikafikan iwana, wallahi har yau gabana faɗuwa yake. Shi yasa Dakta Hisao Ishigaki, gwanin tenkara na Japan, ya shahara da kebari iri ɗaya tal, su kuma Turawa akwati guda suke ɗauka suna neman wanda ya dace da ƙwaron ranar.

Inda ta Turawa ta fi kuma ba musu. Tafki, babban kogi, iska mai ƙarfi, ko ƙaton kifi da zai ruga, ril zai sakar masa zare, tenkara iya tsawon zarenka iya naka, in ya fi ƙarfinka ya tsinke ya tafi. Kuma inda rassa suka rufe sama doguwar sanda wahala ce, nemi mai mita 3 ko ƙasa.

Kan sandar ka lallaɓa shi. Fitata ta biyu na karya nawa, kebari ya maƙale a reshe na fizga. Zuge sandar zaka yi tukuna, ka kama zaren da hannu ka ja. Wajen zarowa ka fara da siririn kai, wajen mayarwa ka fara daga gindi.

Kar ka shiga ruwa baka yanki tikitin yini na ƙungiyar masuntan yankin ba, kuma daga Oktoba an rufe kamun sai bayan sanyi. Ka rataya ƙararrawa a jaka saboda beyar, wata dabbar daji mai haɗari, akwai su a dajin can.