Dattijo ya shiga situdiyo shi kaɗai: sabon kundinsa a gefen tsoffin kaset

Sabon kundin dattijon mai gurmin nan na Maraɗi ya fito, kuma a karon farko babu ɗan amshi ko ɗaya a bayansa. Waƙa takwas ne, jimilla minti 43, ana tura su a kart memwar a rumfunan masu cajin waya na babbar kasuwa da bakin tasha. Muryar tana nan, an kuma ɗauke ta da tsabtar da ba ta taɓa samu ba a zamanin kaset. Amma waƙa biyu ne kawai cikin takwas ɗin za su iya zama tabarma ɗaya da tsoffin ayyukansa. Sauran shidan ba tsufa ne ya rage musu ƙarfi ba, yadda aka ɗauke su ne.

A fadoji ana ta cewa muryar ta mutu, ba ta da zaƙin da. Kafin a yanke wannan hukunci sai a fara gyara ma'aunin. An yi zaren kaset ne ya riƙa tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya. Da yawa daga tsoffin waƙoƙinsa a filin biki aka ɗauke su da rediyo mai batir, kuma idan batir ya fara sanyi injin yana jan zaren a hankali. Ranar da aka sa wannan kaset a rediyo mai lafiya, sai komai ya yi sauri ya yi tsini. Ƙarin gudu na kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga murya da maɓalli guda na fiyano. Alamar ba ta ɓuya: idan ka ji murya da kiɗa suna ƙara siriri da sauri tare yayin da fuskar kaset ke ƙarewa, aikin batir ne, ba ƙuruciya ba. Mai son kwatanci na adalci ya jona rediyonsa a wuta, ya goge kan da ke karanta zaren da auduga da ɗan alkol, ya duba robar da ke jan zaren ko ta yi santsi, sannan ya tura kaset ɗin har ƙarshe ya dawo da shi don zaren ya saki. Ya saurari farkon fuska, ba ƙarshenta ba.

Idan an yi haka, gaskiyar da ta rage ita ce muryar ta sauka, amma ba can ba. Saman ne ya tafi, wurin da yake cilla kirari har sai makirfo ya yi kuka. Ƙasan kuwa ya yi kauri, da wata ƴar dishewa da ta dace da bakin babba. Shi ma ya san haka, domin ya sassauto zoben fatar da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin sandar gurmin, ya sauke kiɗan ya same shi inda yake. Wannan dabara ce ta wanda ya san kansa, ba ni da ƙorafi a kanta.

Ƙorafina yana wajen amshi. A tsoffin kaset mutum uku ko huɗu ke zaune bayansa, ga mai kalangu, ga sanƙira yana zuga. Ɗan amshi ba don ado ake ajiye shi ba. Idan jagora ya dire ɗan waƙa, ƴan amshi suka ɗauki gindi, yana samun daƙiƙa takwas ko goma. A nan yake jan numfashi, ya ga wanda ya shigo fili, ya ɗinka abin da zai faɗa gaba. In tunanin bai nuna ba sai ya ɗan kaɗa musu kai su maimaita. Wani lokaci ya fara magana ya sake ta a tsakiya, su ƙarasa masa, kuma daga yadda suka ƙarasa yakan samo bakin ɗan waƙa na gaba. Shi ya sa ba ka samun kaset biyu na waƙa ɗaya da suka zo iri ɗaya.

A sabon kundin shi ne ya yi wa kansa amshi. Wannan kaɗai da ba laifi ba ne, sai dai sau ɗaya aka ɗauki gindin, mai kwamfuta ya yi ta kwafa yana liƙawa. A waƙa ta uku, dab da shigar gindi, akwai wata ƴar ƙarar leɓe da yake yi idan zai buɗe baki. Sa abin ji a kunne ka bi ta: tana dawowa a wuri ɗaya, da ƙarfi ɗaya, duk lokacin da gindin ya zagayo, har waƙar ta ƙare. Da zarar kunne ya kama ta, shi ke nan, ka daina jin mutum kana jin na'ura. Sannan an bi ɗiyan waƙar an yanke numfashin da ke tsakaninsu, don wai ya yi tsaf. Sai ga dattijo yana jero magana ta kusan rabin minti ba ya shaƙar iska, abin da ko yana saurayi bai yi ba. Da an bar numfashin an ɗan rage masa ƙarfi kawai, da an samu tsabtar ba tare da an cire ran ba.

Ƙorafi na biyu shi ne bugu. Kowa zai iya auna wannan da agogon wayarsa: ƙirga bugun kiɗa na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Tsohuwar waƙarsa ta ƴan kokowa tana farawa a ƙasa da bugu 100 a minti, kafin fuskar kaset ta ƙare ta haura 120, domin fili yana ɗaukar zafi makaɗa na bin sa. Sabuwar an kafe ta a 110 daga farko har ƙarshe, shi kuma aka sa masa ƙararrawar na'ura a kunne aka ce ya bi. Mutumin da ya shekara da shekaru makaɗa na bin bakinsa, yau shi ke bin inji. Kana jin sa yana haɗiye ƙarshen kalma don kada bugu ya bar shi, a wani wurin kuma yana jan wasali ba dalili yana jiran bugu ya iso.

Tsawon ma an datse. Kaset mai minti 60 yana ba da rabin awa a kowace fuska, kuma waƙar kokowar ita kaɗai takan cinye fuska guda. Daga Kantu yake farawa, ɗan kokowar da ya kawo wa Maraɗi takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa daga Tawa a 1975, sannan ya bi gari-gari, Tibiri da Madarunfa da Tasawa da Dakwaro, kowane ƙato da takensa da wanda ya kayar da kuma yadda ya kayar da shi. Yanzu minti biyar aka ba shi don ta shiga shirin rediyo ta kuma yi sauƙin turawa a waya. Sunaye suna nan, labarin ne babu.

Sai kalangun fiyano. Kalangu na gaskiya ana matse tsirkiyoyinsa a hammata, sautin ya hau ya sauka yadda maganar Hausa ke hawa da sauka, shi ya sa ɗan kokowa kan ji takensa daga bayan fili ya zabura tun ba a ambaci sunansa ba. Wanda ke cikin fiyano sauti biyu ko uku ne daskararru, ba ya magana. Fura ce da aka dama da madarar gari: fari dai fari, amma wanda ya saba da nonon Rugga ya san an sauya masa. Ba wai kayan zamani ne laifin ba. Marigayi Sa'adu Bori, ɗan garin nan da ya rasu a 2008, da jita da gangunan zamani ya yi suna, amma mutane ne ke kaɗa su suna kallon bakinsa. Mai kalangu ɗaya na yini biyu bai fi ƙarfin wannan aiki ba, kuma ba a rasa su a Maraɗi ba.

Abin da ya fi ɓata waƙa ta biyu da ta biyar shi ne na'urar gyaran murya. Gurmi ba ya bin ma'aunin fiyano. Mai shi yana ɗaure shi daidai maƙogwaronsa, kuma wasu sautukan da yake taɓawa suna faɗawa ne tsakanin maɓalli biyu. Na'urar kuwa ba ta san tsakani ba, duk abin da ta ji sai ta ja shi zuwa maɓalli mafi kusa. Inda dattijon ke zamewa da murya daga sama zuwa ƙasa a kan dogon wasali, wanda shi ne tambarinsa tun fil azal, sai ka ji an kakkarya zamiyar ta zama hawa-hawa. Hanyar da ta dace a juya lamarin: a fara ɗaukar gurmi da murya, sannan a daidaita fiyano da su. Fiyanon Yamaha da ake amfani da su a situdiyoyinmu suna da wurin da ake ɗan ɗaga ma'auni ko a sauke shi daga 440, wato lambar ma'aunin da aka saba daidaita fiyano a kai. In kuma dole sai an sa na'urar, a rage mata saurin kamu sosai, a kuma cire mata sautukan da waƙar ba ta taɓawa. Akwai wata matsalar da masu situdiyo ke mantawa. Fatar gurmi tana jin yanayi, ta saki da damina, ta ɗaure da hunturu. In aka shigo da shi daga laima zuwa ɗaki mai na'urar sanyaya iska, fatar tana bushewa a hankali, sautin na ɗan hawa, fiyano kuwa yana nan inda yake. A rabin ƙarshe na waƙa ta biyar ana jin su suna tsamin baki da juna. Maganinsa a bar gurmin a ɗakin kamar rabin awa kafin a fara, a kuma sake duba ɗaurinsa kafin kowace ɗauka.

Waƙa ta shida da ta takwas su ne suka sa kundin ya cancanci saye. Babu fiyano, babu bugun inji, gurmi ne da murya. A nan sabuwar ɗauka ta yi wa tsohuwar fintinkau. Da, makirfo ɗaya ake kafawa a tsakiyar taro, kalangu ya danne komai, gurmin sai dai ka ji alamarsa. Yanzu an ba shi nasa makirfon, da alama kamar taƙi ɗaya daga fatar kuma a ɗan kaikaice, domin ana jin ƙashin sautin ba tare da bugun yatsa ya yi yawa ba. Kana jin farce a kan ƙaramar tsirkiya, kana jin ɗan kurman gunjin da babbar ke yi a kan jaki, wato ɗan abin da ke tallafe tsirkiyoyi a kan fatar. Sai yanzu mutum zai gane yawan aikin da babban yatsansa ke yi tun da can ba a ji. Ta shidan ta'aziyya ce ga abokan tafiyarsa da suka riga shi, kuma a duk wurin da amshi ya kamata ya shigo bai liƙa komai ba, ya bar gurmin ya kaɗa gindin. Nan ya samu hutun da na ce an hana shi a sauran, sai ga ɗiyan waƙar sun dawo da tsawonsu da nauyinsu. Marigayi Mamman Barka ya nuna wannan hanya a kundin da ya fitar a 2009, inda biram ne, wani abin kiɗan gargajiya mai tsirkiya, da makaɗi ɗaya kawai, kuma aikin bai ji kunya a ko'ina ba. Da duk takwas ɗin haka aka yi su, da wani zance ake yi yanzu.

Ta fuskar magana, zambo ya ɓace gaba ɗaya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda furfura ta cika masa gemu, kuma ba zan ce ya koma zagin mutane don mu ji daɗi ba. Amma habaici ma ya yi ƙaranci, shi kuwa ba ya hana alwala. Waƙa ta huɗu jerin sunayen alhazai ce kawai, kowa da addu'a iri ɗaya, ba kirarin da zai bambanta mai fataucin gyaɗa da mai motocin Ɗan Isa. Da can ba ya ambaton mutum sai ya nuna maka tafiyarsa ko yadda yake ɗaura rawani. Ta bakwai, wadda ya yi wa manoman fadamar gulbi, maganarta ta fi kiɗanta kyau nesa ba kusa ba.

Mai saye ya lura da abin da za a tura masa. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci, wato mai kilobit 128 a daƙiƙa, tana cin kusan mega ɗaya a minti, saboda haka kundin minti 43 bai kamata ya gaza mega 40 ba. In ka ga duka takwas ɗin ba su wuce mega 15 ko 20 ba, an matse su ne don su yi sauƙin yawo a WhatsApp, kuma abin da ke fara salwanta a matsi shi ne ainihin abin da na yaba, wato ƙarar farce da ƙaramar tsirkiya. Gara a nemi kwafi daga hannun yaransa, ya fi kyau kuma kuɗin ya fi kusa da aljihun mai waƙar. Kada a auna ta shida da ta takwas da bakin waya, domin ba ya iya fitar da babbar tsirkiya. A sa abin ji a kunne, ko ƙaramin bafil, a kuma rage masa ƙarfin ƙasa, in ba haka ba kwanon bafil ɗin zai yi ta rawa ya rufe gurmin.