Sabulun salo a wankin fuska: yana aiki, amma ba sau biyu a rana ba

Hukuncina kan sabulun salo bayan amfani da shi a matsayin abin wanke fuska shi ne: ga mai maiƙon fata yana da kyau ƙwarai idan aka taƙaita shi ga wankin dare. Ga mai busasshiyar fata kuwa, musamman da hunturu, ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Dalilin yana cikin yadda ake haɗa shi. Ana ƙona ɓawon koko ko na filanten (ayabar da ake soyawa), a tace ruwan tokar, a dafa shi da alayyadi, manja ko man kaɗanya. Ruwan tokar nan shi ke mayar da mai ya zama sabulu, shi ne kuma tushen kaifinsa. A ma'aunin pH, wanda lambarsa ke ƙasa a abu mai tsami, take hawa a abu mai kaifi irin na ruwan toka, fatar fuska tana tsakanin 4.5 da 5.5, sabulu irin wannan kuma yakan kai 9 zuwa 10. Duk wanki ɗaya yana kwashe siririn man da ke tsare fata, kuma sai bayan wasu sa'o'i take komawa daidai. Wannan ɗaurewar da ake ji bayan wanki, wadda mutane ke cewa "fuska ta fita tas", ba tsabta ba ce, bushewa ce.

Yadda ake sa shi ya fi komai muhimmanci. Kada a goga dunƙulen a fuska. Akwai ɓurɓushin toka da ɓawo a cikinsa, suna yagar fata a hankali, kuma a baƙar fata ƙaramin rauni kan bar tabo mai duhu da ke ɗaukar watanni kafin ya dushe. A wanke hannu tukuna, a gutsuri kamar ƙwayar gyaɗa, a murza a tafin hannu da ruwa har ya narke, a tabbatar babu tsakuwa. Kumfar kawai za a kai fuska. A shafa da yatsu na daƙiƙa 20 zuwa 30, a fi ba goshi, hanci da haɓa ƙarfi, a kauce wa ido don yana da raɗaɗi. A ɗauraye da ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, har gefen kunne da bakin gashi inda kumfa ke maƙalewa. Babu soso. A daddanna tawul mai tsabta, kada a dirza, sannan a shafa mai tun fatar da sauran danshi. Mai ƙuraje ya nemi mai marar nauyi, domin man kwakwa kan toshe ƙofofin fata.

Da safe ruwa zalla ya isa, ko ruwan wanke fuska mai laushi da aka rubuta pH 5.5 a jikinsa. Likitocin fata suna cewa a wanke fuska sau biyu a rana da kuma bayan gumi, to amma da abu mai laushi suke nufi. A kuma tuna mai alwala yana jiƙa fuska sau da dama kullum, ruwan na bushewa yana tafiya da danshin fata, don haka ƙarin sabulu mai kaifi da safe ya yi yawa.

Inda ya burge ni: yana cire ƙura da maiƙon yini tsaf, yana da arha, ɗan dunƙule yana daɗewa. Inda ya gaza: ba ya cire kwalliyar da ba ta jin ruwa, sai an fara gogewa da man cire kwalliya. Idan ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi ne, kumfar ba ta tashi sosai, kuma tana barin wani fari-fari a fata. Ƙurajen da suka yi ƙwari ko suka ɗuri ruwa kuwa sun fi ƙarfin kowane sabulu, aikin likitan fata ne.

Wajen saye a duba kala. Na ainihi ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, yana marmashewa a hannu. Wanda ya yi baƙi ƙirin kuma sumul, sau da yawa rini aka zuba masa. Abin da na fi jan kunne a kai shi ne "haɗaɗɗen sabulu" da ake sayarwa a roba ba suna, ba lambar NAFDAC, da alkawarin haske cikin mako guda. Kurkum da zuma da akan haɗa shi da su ba sa wannan saurin. Abin da ke yin sa galibi maganin bilicin ne, wanda kan sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana. Lemon tsami ma a bar shi a kicin, yana ƙona fuska idan aka shiga rana.

Sabulun salo yana jan danshi daga iska, don haka a banɗaki yake zama kamar kunu. A ajiye babban dunƙulen a busasshiyar roba mai murfi, a riƙa gutsuro na 'yan kwanaki. Idan fuska ta fara saɓa a gefen baki ko tana zogi yayin shafa mai, a dakata na mako guda, sannan a dawo da shi sau biyu ko uku a mako.